ZAKKARMU DA MUTANEN DA MUKA BARO A ƘAUYE

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayena da 'yan'uwana mazauna Sabo. Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayar da goro, in na yi kuskure malamai su gyara mini.

Jama'a, kowannenmu ya san abin da ke faruwa a ƙauyukanmu cikin watan Agusta. Rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba. Magidanci sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, ko ya ci bashin hatsi ya biya ninki da kaka. Baɗi kuma haka. Daga nan ne yaranmu ke gudowa Ibadan da Ikko ba sana'a.

To, Allah bai bar mu ba magani ba. Dukiyar da ta kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ta kuma shekara, ana fitar da ɗaya cikin 40. Mai juya kaya a shago zai ƙiyasta kayansa ya haɗa da kuɗin hannu. Tumaki ko awaki 40, a ba da ɗaya. Shanu 30, a ba da maraƙi. Hatsin damina in ya kai sa'i 300, ɗaya cikin 10 ne. Masu karɓa kuwa kashi 8 ne, an jera su a Suratut Tauba aya ta 60.

Amma yaya muke yi? Mu tara mutane a ƙofar gida, mu raba 'yan canji, a ci yau gobe a dawo. Ashe bai fi ba mu zaɓi gida ɗaya ko biyu mu ba su abin da zai sayi awaki, ko taki, ko injin niƙa, har wata rana su ma su fitar?

Malamai sun ce zakka a inda dukiya take ake raba ta, sai in na nesa sun fi buƙata. Saboda haka mu fara duba mabuƙatan Sabo, sannan mu aika gida ta hannun amintacce, a rubuta sunan wanda ya karɓa.

Zakka haƙƙinsu ce, ba alfarma muke yi musu ba. Allah Ya ba mu ikon sauke ta. Wassalam.