ABIN DA BABBA YA GIRMAMA, SHI YARO KE NEMA: JAWABIN WAKILIN MATASA

 

 

An ba mu wannan dama ne domin mu bayyana yadda mu matasa muke kallon halin da al'umma take ciki. Mun sani abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sai dai akwai lungunan da ƙafar babba ba ta shiga, mu kuwa a cikinsu muke yini. Labarin waɗannan lunguna muka kawo, cikin ladabi da neman gyara.

TUHUMAR DA AKE YI MANA

Ana cewa yaran yanzu ba su da kunya, ba su da haƙuri, kuma idonsu ya buɗe da son kuɗi. Ba mu zo musanta wannan ba, domin akwai gaskiya a cikinsa. Roƙonmu shi ne a duba tushe. Yaro yana sauraron wa'azi da kunne, amma da ido yake ɗaukar darasi. Yana lura da wanda ake miƙewa tsaye idan ya shigo, da wanda ake shimfiɗa wa darduma a sahun gaba, da wanda maroƙi ke kiran sunansa a wajen ɗaurin aure. Idan ya ga malamin makarantar da ya shekara talatin yana koyarwa yana raɓe a bakin ƙofa, alhali wanda ya yi kuɗi dare ɗaya, ba wanda ya san sana'arsa, shi ne babban baƙo, to ya gama fahimtar abin da ake so ya zama. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

AURE DA GASAR BIKI

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a sha'anin aure. Mun karanta a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani cewa mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, kuma malamanmu sun sha gaya mana cewa albarkar aure tana cikin sauƙinsa. Amma saurayin da ya fito neman aure yau, sadaki shi ne mafi sauƙin abin da zai tarar. Akwai kayan na-gani-ina-so, da kuɗin gaisuwa, da akwatunan lefe waɗanda ake bazawa a tsakar gida mata su ƙirga. A ɓangaren uban yarinya kuwa, akwai kayan ɗaki da gara, waɗanda suka sa wani ya sayar da gonar gado, wani ya ci bashin da zai shekara biyar yana biya. A kan kamu da sa lalle da muka gada, an ƙara hotunan kafin aure, da liyafar dare a zauren haya, da anko kala-kala.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin abinci da sufuri da haya ya tashi, amma jerin kayan biki bai ragu ba. Sakamakon shi ne samari sun haura shekara talatin ba su da halin aure, 'yan mata suna zaune a gida ana yi musu gorin rashin miji, wanda kuma ya daure ya yi, ya shiga gidansa da bashi a wuya. Daga nan ake fara ƙorafin cefane, daga ƙorafi sai yaji, daga yaji sai takarda.

Gwamnatin Kano ta fara shirin auren zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012, kuma a watan Oktoba na 2023 an ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800. Wannan abin yabo ne, amma ya kamata ya sa mu tunani. Idan har sai hukuma ta sayi gado da katifa kafin talaka ya iya raya sunna, to al'adar da muka ɗora a kan sunnar ta fi ƙarfinmu. Kuma ba saurayi ba ne ya ƙirƙiro ƙirgen zannuwan lefe. Ya taso ya tarar da shi.

WAYAR HANNU DA CUTUTTUKAN ZUCIYA

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Da yawa daga cikinmu sa'anninta ne, ba mu san duniyar da babu ita ba. Alherinta a bayyane yake: ɗan Maraɗi yana bin karatun malamin Kano kai tsaye, mai ɗinki tana tallar kayanta daga ɗakinta, ɗalibi yana ɗauke da ɗaruruwan littattafai a aljihu. Amma tana da wata illa da iyayenmu ba su cika lura da ita ba, domin hankalinsu ya fi karkata ga hotunan batsa. Illar ita ce ta mayar da cututtukan zuciya sana'a.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan hijira, ya ware rubu'i guda na littafinsa Ihya'u Ulumiddin domin abubuwa masu halakarwa, inda ya yi bayanin riya da hassada da ujubu da illolin harshe. A zamaninsa mai riya sai ya nemi taro. Yau taron yana cikin aljihunsa dare da rana. A Facebook da TikTok ana auna darajar mutum da yawan masu bibiyarsa, kuma kamfanonin sun tsara dandalinsu yadda abin da ya fi jan hankali zai fi yaɗuwa, domin da daɗewar mutane a kai suke samun kuɗin talla. Abin da ya fi jan hankali kuwa shi ne faɗa da zagi da tonon silili. Saboda haka yaron da ya zagi dattijo yakan tara mabiya a yini guda fiye da wanda ya shekara yana rubuta alheri.

Ga kuma hassada. Yarinya tana zaune a ɗakin mahaifiyarta tana kallon bikin wata da ba ta taɓa gani ba, sai ta raina abin da ubanta zai iya. Saurayi yana kallon sa'ansa a jingine da motar da wataƙila ta aro ce, sai sana'ar hannunsa ta fita daga ransa, ya koma cacar ƙwallo ko damfarar intanet. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Haka giba da annamimanci: a da suna tsayawa a zaure, yau latsawa ɗaya ta isa a zubar da mutuncin zuri'a daga Sakkwato har Kumasi. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ko an goge, wani ya riga ya adana. Muna faɗa cikin ladabi cewa ba yara kaɗai ke tura labarin da ba su tantance ba a zaurukan WhatsApp.

INDA ABIN KE ƘAREWA

Zuciyar da aka cika da buri, aka kuma rufe mata ƙofa, takan nemi mantuwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Doka tana iya rufe shago, amma ba ta cike gurbin da ke cikin zuciya. Wannan aikin tarbiyya ne.

NAMU LAIFIN DA NAMU AIKIN

'Yan'uwana matasa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙuruciya ba uzuri ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da kimanin shekara 20 ya fara wa'azi da karantarwa a Ɗegel. Ɗansa Muhammadu Bello bai kai shekara 25 ba lokacin hijira zuwa Gudu a 1804, kuma an ɗora masa manyan al'amura ya ɗauka. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta kai ilimi ga matan karkara ba tare da waya ko mota ba. Mu da ke riƙe da abin da ba su mallaka ba, me za mu ce? Kowannenmu ya riƙe sana'a komai ƙanƙantarta. Ya yi wa kansa hisabi kafin ya kwanta: awa nawa na ba waya, me na rubuta, mutuncin wa na taɓa? Wanda ya san Allah Yana ganinsa a cikin halwa, ya sani Yana ganin yatsansa a kan waya.

ROƘONMU GA IYAYE

Muna roƙon abu uku. Na farko, manyanmu su fara sauƙaƙa aure daga gidajensu, domin idan mai hali ya aurar da 'yarsa da akwati ɗaya, ya cire wa talakawa dubu kunya. Na biyu, a tambayi asalin dukiya kafin a girmama mai ita, a kuma ɗaga darajar malami da manomi da maƙeri a bainar jama'a, yara suna gani. Na uku, a buɗe mana ƙofar tambaya. Yaron da aka kora saboda tambayarsa ta yi nauyi, zai kai ta ga wanda ba ya tsoron Allah, kuma zai sami amsa. Wanda ya faɗa shaye-shaye a ja shi a jiki a nema masa magani, kada a sallama shi ga titi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma har yanzu ɗanyu ne mu. Allah Ya shirye mu, Ya shiryi zuri'armu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasashenmu lafiya da zaman lafiya, Ya maimaita mana na baɗi da rai da imani. Amin.