Jirgin Tururi a Cikin Baho: Jawabi a Taron Reshe



Shekara da shekaru ina karantar da yara cewa ruwa na tafasa a digiri 100, su haddace, su rubuta, su manta. Bana na ɗauko gwangwanin kifi da kyandir da siririn bututun jan ƙarfe da na roƙa wurin mai gyaran firij, muka ƙera jirgin ruwa mai tafiya da tururi.

Ana naɗe tsakiyar bututun zagaye huɗu ko biyar, a huda bayan gwangwanin, a fito da bakunan biyu ta ƙarƙashin ruwa. A cika bututun da ruwa, a kunna kyandir a ƙarƙashin naɗin. Da ruwan ya tafasa, tururi kan ninka girmansa kusan sau 1,700, sai ya tunkuɗo ruwa baya da ƙarfi, jirgi ya matsa gaba. Tururin na hucewa, bututun ya sake zuƙo ruwa. Dabarar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe, Thomas Piot, ya yi mata rajista a Ingila tun 1891.

Na farkon ya kunyata ni gaban aji: ban toshe hujin da kyau ba, ya nutse. Na biyun da muka liƙe da dalma ya kewaye baho, har wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta tambayi dalilin da yake tafiya yana ɗan tsayawa.

Roƙona ga reshe: a ware mana ɗan kuɗin bututu da dalma. Ashana kuwa a hannun malami kaɗai za ta zauna.