Mai Bi da Hawan Salla: Jawabi ga Dattawa da Matasa a Gagarawa



Kowace shekara idan salla ta ƙarato, 'ya'yanmu sukan tambaye mu ko ya halatta mai bi ya je Gumel kallon hawa. Waɗansu iyaye sukan hana, waɗansu kuwa sukan yi shiru. Yaron da aka hana ba tare da bayani ba yakan ɗauka cewa bin Almasihu ya raba shi da Hausa, kuma abin da maƙwabta suke faɗa masa ke nan.

Mu fara bambanta abu biyu. Sallar Idi ibada ce ta 'yan'uwanmu Musulmi, muna girmama su, amma ba ma shiga sahunsu. Hawan da ke biyo baya kuwa sha'anin sarauta ne. A dā sarki yakan duba dawakai da mayaƙansa, su kuma su kai jahi don nuna mubaya'a. Lifidi, sulke, kakaki da algaita tarihin ƙasar Lautai ne, wadda Mangawa suka kafa, kuma Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar duk a cikinta suke.

Wannan gado ya wuce gari guda. An yi hawa a Kaduna a 1956 lokacin ziyarar Sarauniyar Ingila, aka sāke yi a 1977 lokacin FESTAC domin nuna al'adun Nijeriya. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin gadon al'adun duniya. Mu ma Hausawa ne, da Hausa muke sujada, kuma tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikin harshenmu. Kada mu bari a ce mu baƙi ne a garin kakanninmu.

Annabi Irmiya, sura 29, ya umarci mutanen Allah su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki. Manzo Bulus kuma, a Romawa 13, ya koya mana mu girmama masu mulki. Saboda haka ga shawararmu.

Mu je kallo, mu yi wa maƙwabta barka da salla, mu karɓi abincinsu kamar yadda suke karɓar namu ran Kirsimeti. Amma matasanmu su guji laya da maganin tauri, domin tsaronmu daga wurin Ubangiji yake. 'Yanmata su tafi tare da manya, a dawo gida kafin dare. Idan hawa ya faɗo ran Lahadi, sujada ce farko. Wanda kuma lamirinsa bai ba shi zuwa ba, kada a yi masa ba'a, shi ma kada ya hukunta mai zuwa, kamar yadda Romawa 14 ta nuna.

Dattawa, ku zauna da 'ya'yanku ku bayyana musu waɗannan abubuwa tun kafin salla ta zo.

Allah ya ba Sarki da hakimansa hikima, ya ba ƙasarmu salama. Amin.