Sunan Gari Shi Ne Jarinsa: Darasi Daga Birnin Pataya na Ƙasar Tailan



Gabatarwa

Bahaushe ya ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Garin da ake nufi a wannan karin magana na tuwo ne, amma a rubuce ba shi da bambanci da garin da mutane ke zaune a cikinsa, kuma maganar ta dace da su duka biyun. Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda gari sukutum yake ɓata sunansa da hannunsa a idon baƙin da yake ci daga aljihunsu. Misalin da na ɗauka shi ne Pataya, wani birnin shaƙatawa a bakin teku a ƙasar Tailan, wanda abubuwa uku suka daɗe suna zubar masa da mutunci: ƙazantar ruwa, da tsuga wa baƙi kuɗi, da alfasha. Ra'ayina shi ne waɗannan cututtuka uku saiwarsu ɗaya ce, watau ɗaukar baƙo a matsayin wanda ba za a sake ganinsa ba.

Daga ƙauyen masunta zuwa birni

Pataya tana lardin Chonburi, a gaɓar gabas ta Mashigin Tekun Tailan, kimanin kilomita 150 a mota daga Bankok, babban birnin ƙasar. Har zuwa shekarun 1950 ƙauyen masunta ce kurum. Abin da ya sake mata kama shi ne yaƙin Biyetnam. Amurka ta girke sojojinta a Tailan, kuma daga 1967 manyan jiragenta na yaƙi samfurin B-52 suka riƙa tashi daga filin U-Tapao, wanda ba shi da nisa daga kudancin garin. Sojojin da aka ba hutu sai su kwararo bakin tekun, aljihu cike da dala. Nan da nan aka kakkafa mashaya da masaukai da gidajen rawa domin a tarye su.

Ya kamata mu lura da irin baƙon da garin ya fara sabawa da shi. Sojan da ya zo hutun 'yan kwanaki ba ya ciniki, ba ya tambayar inda ruwan kwata yake zuba, kuma mai yiwuwa ne ba zai sake dawowa ba har abada. A kan irin wannan baƙo aka gina kasuwar garin da ɗabi'unta. Sa'ad da sojojin Amurka suka bar ƙasar a 1976, masu yawon buɗe ido daga Turai da sauran ƙasashe suka maye gurbinsu, amma halin da aka koya bai tafi tare da sojojin ba. A 1978 gwamnati ta ba Pataya matsayin birni mai hukumarsa ta musamman, otal-otal kuwa suka yi ta tsirowa da saurin da ya wuce na magudanan ruwa da na doka.

Cuta ta farko: ƙazantar teku

Abin da ya fara kawo masu yawon buɗe ido shi ne ruwa garau da farin rairayi. To, amma kowane ɗakin otal yana da makewayi, kowane gidan abinci yana da kwatami, kuma shekara da shekaru yawancin wannan ƙazanta cikin tekun take zuba ba tare da an tace ta ba. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ruwan ya gurɓace har wanka a cikinsa ya zama kasada ga lafiya, jaridun Turai kuma suka yi ta yayata labarin. Abin mamaki, a daidai lokacin ne, watau a 1987, ƙasar ta yi gagarumin bikin shekarar ziyartar Tailan, tana kiran duniya ta zo ta gani. Duniya ta zo, ta kuwa gani.

A 1992 Tailan ta kafa sabuwar dokar kiyaye muhalli, kuma Pataya tana cikin wuraren farko da aka ayyana a matsayin yankin yaƙi da gurɓacewa. Babbar matatar ruwan kwata ta garin ba ta fara aiki ba sai wajen shekarar 2000, da ƙarfin tace lita miliyan 65 a kowace rana. Ruwan ya yi sauƙi bayan haka, amma garin bai daina girma ba, kuma idan damina ta yi ƙarfi ambaliya takan kwashi dattin tituna ta kai shi teku. Rairayin ma ya yi ta zaizayewa, har a 2018 sai da hukuma ta kashe kuɗin ƙasar, baht, sama da miliyan 400 wajen haƙo yashi daga ƙarƙashin teku a zuba a gaɓar, domin a mayar da faɗinta mita 35. Ku duba fa, abin da Allah ya ba garin kyauta, ƙarshenta sai da aka saye shi da tsabar kuɗi.

Cuta ta biyu: tsuga kuɗi da zamba

Ciniki ba laifi ba ne, kuma kowace kasuwa a duniya tana da kuɗin ɗan gari da kuɗin baƙo. Amma akwai iyaka tsakanin cin riba da cuta. A Pataya akwai motocin a-kori-kura masu benci biyu da ke zagaya gari a kan ƙayyadadden kuɗi kaɗan. Baƙon da bai sani ba, idan ya tsai da mota ya ambaci inda za shi, sai a ce shata ya ɗauka, a ninka masa kuɗin sau da yawa. A wasu mashaya ba a nuna farashi sai an gama sha, sa'an nan a kawo takarda mai nauyi, ga ƙarti tsaye a bakin ƙofa.

Zambar da ta fi yin ƙaurin suna ita ce ta babur ɗin ruwa. Baƙo zai yi hayarsa na ɗan lokaci, idan ya dawo sai a nuna masa wani tsohon tabo ko tsaguwa a jikinsa, a ce shi ya yi, a nemi diyya mai yawa, wani lokaci ma a riƙe fasfonsa da ya bayar jingina. Abin ya yi yawa har ofisoshin jakadancin ƙasashe da dama suka sa shi cikin gargaɗin da suke yi wa mutanensu. Kwaɗayin nan yakan kai ga hasarar rai. A watan Yuli na 1997 gobara ta tashi a wani babban otal a unguwar Jomtien, mutum kimanin 90 suka halaka, kuma an sami ƙofofin tsira a kulle, an ce domin kada baƙi su sulale ba su biya kuɗin ɗaki ba.

Cuta ta uku: alfasha

Wannan ita ce ta fi manne wa sunan garin. A kan takarda, karuwanci haramun ne a Tailan tun dokar 1960, kuma dokar 1996 ta tsananta hukunci a kan masu kai yara cikin harkar da masu neman su. Amma dokar wuraren nishaɗi ta 1966 ta halatta mashaya da gidajen tausa, a inuwarsu kuwa harkar ta yi rassa. Titin nan da ake kira Walking Street, inda ake hana motoci shiga da dare, shi ya zama tambarin garin a idon duniya.

Bai kamata mu tsaya ga tofin Allah tsine ba tare da mun dubi tushen abin ba. Da yawa daga cikin matan da ke wannan aiki sun fito ne daga yankin Isan na arewa maso gabas, ƙasar manoman shinkafa mai fama da talauci, kuma kuɗin da suke aikawa gida yana ciyar da iyaye, yana biyan kuɗin makarantar ƙanne. Masu gidajen haya da direbobi da masu sayar da abinci duk suna lasa daga wannan tukunya. Shi ya sa gyaran yake da wuya: mummunan sunan da yake korar magidanci da iyalinsa, shi ne kuma yake jawo wani irin baƙo da kuɗinsa.

A 2017 wata jaridar Ingila ta kira Pataya hedkwatar alfasha ta duniya, Firayim Minista Prayut Chan-o-cha ya fusata ya ba da umurnin a tsabtace garin, 'yan sanda kuma suka laƙaba wa titin nan sunan yankin farin ciki. A 2018 kuwa ministan yawon buɗe ido na Gambiya, Hamat Bah, yana kare sunan tasa ƙasar, ya ce mai neman irin wannan harka ya nufi Tailan. Tailan ta yi ƙorafi a hukumance, Gambiya ta ba da haƙuri. To, ga inda suna ya kai: har a Afirka ta Yamma da ƙasar ake buga misali.

Saiwar cututtukan

Jama'a, sunan gari kamar rijiyar unguwa yake. Kowa yana ɗiba, amma yasarta ba ta rataya a wuyan kowa ba. Mai otal ɗin da ya saki kwatarsa cikin teku ya tsira da kuɗin tacewa shi kaɗai, wari kuwa na kowa ne. Mai babur ɗin ruwan da ya damfari baƙo ya sa kuɗin a aljihunsa, amma idan baƙon ya koma gida ba sunan mutumin zai ambata ba, don bai ma san shi ba. Cewa zai yi an cuce shi a Pataya. Muddin mai laifi yana cin riba shi kaɗai, hasara kuwa ana raba ta ga dubban mutane, wa'azi ba zai hana shi ba.

Kakanninmu fatake sun san wannan matsala, sun kuma yi mata dabara. Baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro a zango yakan sauka ne a gidan fatoma. Shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi kayansa bashi. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana yadda tsarin yake aiki a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969. Fatoma ba ya barin a cuci baƙonsa, domin yana so ya sake sauka a gidansa baɗi, ya kuma zo da wasu. Watau an sami mutum guda sananne wanda cutar baƙo take taɓa aljihunsa. Irin wannan mutum ne babu a bakin tekun da baƙi ke zuwa sau ɗaya su wuce, don haka dole hukuma ta zama ita ce fatoman gari.

Wani zai ce, ai Pataya ba ta mutu ba. Gaskiya ne. Duk sa'ad da wasu baƙi suka ja baya, sai wasu sababbi su zo, Rashawa, sa'an nan mutanen Sin da na Indiya. A 2019 Tailan ta karɓi baƙi kusan miliyan 40, kuma Pataya tana cikin wuraren da suka fi samun rabo. Amma yawan kai ba shi ne albarka ba. Richard Butler, masanin labarin ƙasa, ya nuna a 1980 cewa wurin shaƙatawa yana da matakan rayuwa: a gano shi, ya bunƙasa, ya cika ya tsaya cik, sa'an nan ko dai ya sabunta kansa ko ya gangara. Garin da ya rasa baƙi masu dawowa sai ya koma neman sababbi da araha, ya tara jama'a mai yawa a kan riba kaɗan, ƙazanta kuma ta ƙaru. Annobar korona ta nuna raunin wannan dogaro, domin a 2021 baƙin da suka shiga ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, titunan Pataya suka yi tsit, ma'aikata da yawa suka koma ƙauyukansu.

Abin da ya kamata a yi

Maƙwabta sun gwada magani mai ɗaci. A watan Afrilu na 2018 Shugaba Duterte na Filifin ya rufe tsibirin Boracay wata shida cur saboda ƙazanta, aka rushe gine-ginen da suka ci iyakar gaɓa, aka tilasta wa otal-otal gyara magudanansu. Tailan ma ta rufe gaɓar Maya a wannan shekara, ba ta sake buɗe ta ba sai a farkon 2022. Amma birnin da dubban ɗaruruwan mutane ke kwana suna tashi a cikinsa ba ya rufuwa kamar tsibiri. Abin da ya rage masa shi ne aikin yau da kullum wanda ba a yi masa biki: a auna ruwan teku a kai a kai a bayyana sakamakon ga kowa, a hana lasisi ga otal ɗin da bai haɗa kwatarsa da matata ba, a kafe farashi a rubuce inda baƙo zai gani, a saurari ƙararsa a yanke kafin jirginsa ya tashi. Tailan tana da 'yan sanda na musamman domin baƙi, amma amfaninsu yana ga hukuncin da ya biyo bayan ƙara. Game da alfasha kuwa, kamen 'yan kwanaki ba ya kai ko'ina muddin ƙauyen da yarinya ta baro ba shi da abin da zai riƙe ta.

Kammalawa

Ku ma'aikatan gwamnati, takardar iznin gini da lasisin sana'a ta hannunku suke bi. Duk wadda kuka sa wa hannu ba ku tambayi inda ƙazantar za ta zuba ba, kun ci bashin da garin zai biya bayan shekara ashirin, da ruwa mai yawa. Ku kuma ɗalibai, gobe ku ne za ku zauna a waɗannan kujeru, kuma za a zo muku da shirye-shiryen jawo baƙi masu tallace-tallace masu ƙayatarwa. Ku fara tambaya ko magudanar ruwa ta riga otal zuwa, ko kuma akwai wanda zai tsaya wa baƙo idan an cuce shi. Pataya ta yi suna cikin shekara ashirin, ta kuma shafe fiye da talatin tana ƙoƙarin wanke shi, har yanzu da saura.