Rumbu ya cika, a tuna da maƙwabci



Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari da kaka ya ga dammunan gero jingine a bakin gona, ga riɗi an kafa yana shan rana, ga zoɓo ya yi jawur. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar mata na sussuka, yara na tumu. Alhamdu lillahi.

Ƙasarmu jigawa ce, damina gajera, ruwa na iya ɗaukewa gero na tsaka da bununi. Dattawanmu ba su manta farin 1973 ba, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa. A 2005, bayan fari da fara, yunwa ta auka wa 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, nan tsallaken iyaka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2023 sama da mutum miliyan 700 ne suka yi fama da yunwa a duniya. Wasunsu suna unguwarmu, kunya ce ta hana su magana.

Abin da ke damuna shi ne tuwon da ake zubarwa a kwata bayan biki, da hatsin da ake kullewa a sito ana jiran bazara ya yi tsada. Wanda ya san darajar ƙwayar gero ba ya haka.

Manomi, idan amfaninka ya kai nisabi, fitar da zakka tun a gona: dami ɗaya cikin goma ga noman damina. Bar wa masu kala abin da ya zube. Uwargida, kafin ki rufe tukunya yau, aika yaro da kwano gidan marayun da ke maƙwabtaka da ke.