In Hanyar Kudu Ta Toshe, Mu Ne Ke Fara Ji a Jika

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin kasuwa da na direbobi, 'yan uwa maza da mata, muna godiya da aka ba mu wannan dama.

Kowa a zauren nan ya san abincinmu a kurmi mota ce ke kawo shi. Tumatir da tattasai da albasa da shanun da ake saukewa a Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan, akasarinsu sai tirela ta tsallaka da su kogin Neja, ko ta gadar Jebba ko ta gadar Murtala da ke kusa da Lokoja. A watan Yunin 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba. A Oktoban 2022 ambaliya ta shanye titi a Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki cirko-cirko. Mai buhun wake ya yi haƙuri ya jira, mai kwandon tumatir kuwa sai dai ya zubar.

Wannan daga Allah ne. Wanda ya fi damun mu shi ne wanda mutum ke yi da hannunsa. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta hana kaya gangarowa kudu, aka yi ta tare motoci a Jebba, sai a farkon Maris aka janye. Ba mu ce ba a yi mana ɓarna ba, an kashe mana mutane, an ƙone mana dukiya. To amma wa ya sha wuyar wannan mako? Manomi a gida kayansa sun ruɓe. Mu a nan rumfunanmu wayam, 'yan dako ba aikin yi, ga maƙwabtan da muka yi shekaru tare suna yi mana wani irin kallo saboda tsadar kayan miya.

Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a inda ya so. Da shi muke kare zamanmu a nan, don haka bai kamata a ji bakinmu cikin masu kiran a toshe hanya ba. Da shi kuma za mu tunkari masu gindaya sanda a titi suna karɓar kuɗi a hannun direbobinmu, abin da dokar haraji ta haramta tun 1998.

Roƙonmu ga direbobi da yaran mota: kada ku yi sa-in-sa a shinge. Ku rubuta wurin da ranar da abin da aka karɓa, ku adana rasit in an bayar, ku kawo wa sakatare, domin lauya ba ya shiga kotu da ji-ta-ji-ta. In kuma tsautsayi ya faru a cikin gari, a nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa, a bugo mana waya daga can.