SAIWA DA RUWA



Ɗan'uwa, ka taɓa lura da mai sayar da alayyafo a kasuwa? Da safe ganyenta kore shar. Kafin azahar ya yi yaushi. Ta kan yayyafa masa ruwa ya ɗan farfaɗo, amma jibi sai juji. Don me? Gama an raba shi da saiwarsa.

Bari mu duba aikin Allah. In ka tumɓuke ɗan itace a hankali, za ka ga babbar saiwa ta nutsa ƙasa, ƙanana kuma sun bazu. Kusa da bakin kowace ƙarama akwai gashi siriri wanda da ƙyar ido ke gani. Shi ke shan ruwan ƙasa. Daga nan ruwan ya shiga waɗansu hanyoyi sirara a cikin itacen, tun daga saiwa har ganye. A jikin ganye kuwa akwai ƙofofi ƙanana. Rana ta buga, ruwa ya fita ta nan, fitarsa kuma ita ke jawo na ƙasa ya hau, kamar yadda wutar fitila ke jan kananzir ta lagwani. Cikin kashi 100 na ruwan da itace ya sha, fiye da 90 ta ganye su ke fita. Saboda haka ruwan jiya ba ya isa yau. Tilas saiwa ta riƙa sha kullum.

Dattawanmu suna tunawa da farin 1983, sa'ad da gonaki suka bushe a Ghana, wutar daji ta cinye koko. Waɗanda suka zo daga Arewa kuma sun san gawo. Tsakiyar rani ya ke da ganye, domin saiwarsa ta kai ga ruwan da ke can ƙarƙashin ƙasa.

To, kai fa? Rana tana dukan kowa. Ciniki ya tsaya, mai bashi yana bakin ƙofa, yaro yana kwance, kowanne yana jan ruwan zuciyarka. Riga mai kyau, da yabon mutane, da ibada don a gani, duk yayyafi ne a kan ganye.

A cikin Markus sura 4 Yesu Almasihu ya ba da misalin iri da ya faɗi a kan dutse. Ya yi saurin tsirowa, amma rana ta ƙone shi don rashin saiwa. A cikin Yohanna sura 4 kuma, a bakin rijiya a Samariya, ya yi wa wata mace alkawarin ruwan rai madawwami. Ya mutu domin zunubanmu, ya tashi, alkawarin nan yana nan har yau.

Saiwa a ɓoye ta ke. Maƙwabcinka ba ya ganinta, Allah yana gani. In ka rufe rumfarka yau, ka keɓe, ka faɗa masa zunubinka da ƙishinka, ka roƙe shi ruwan nan cikin sunan Yesu. Gobe ma ka koma. Kada ka jira sai rani ya yi tsanani.

Allah shi ba mu kwana lafiya. Amin.